Darasi na Tara: Ciwon Dajin Baki da Maƙogwaro

Daga cikin cututtukan nan da muke tarawa mu kira su da suna ɗaya, watau ciwon daji ko sankara, akwai waɗanda ke kama hanta ko huhu ko hanji, su yi ta cin mutum a ɓoye shekara da shekaru ba shi da labari, sai ranar da ƙarfi ya ƙare. Akwai kuma wanda ke kama baki da maƙogwaro, wanda Allah cikin hikimarsa Ya sanya shi a mahallin da ido ke iya kaiwa, yatsa ke iya taɓawa, kunne kuma ke iya jin canjin da ya kawo wa murya tun abin bai yi nisa ba. Wannan na biyun shi ne karatunmu na yau, kuma abin da ya sa muka ware masa babi guda shi ne, galibin sababansa abubuwa ne da mutum ke saye da kuɗin guminsa ya kai bakinsa da hannunsa, da yawa daga waɗanda yake kashewa kuwa da sun rayu in da sun isa hannun likita da wuri.

Yadda ciwon ke farawa

Masana ilmin jiki sun tabbatar da cewa an gina jikin ɗan Adam ne da waɗansu ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda saboda ƙanƙantarsu ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma kowace ɗaya tana ɗauke da umurni a cikinta wanda ke gaya mata lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta tsaya, da lokacin da za ta mutu ta ba wata wuri. Fatar nan mai laushi da ta shimfiɗe cikin baki da maƙogwaro tana daga cikin masu saurin sabuntawa, domin kullum abinci da abin sha suna gogar ta. Duk sa'ad da ƙwaya ɗaya za ta zama biyu kuwa, sai an kwafe wannan umurni tun daga farkonsa har ƙarshensa. To, ku ɗauki misalin mai kwafar littafi da hannu, irin na zaurukan malamanmu: in an bar shi cikin natsuwa da wuya ya yi kuskure, in ma ya yi zai gani ya gyara, amma in aka tsananta masa, ana ɓata abin da ya rubuta ana cewa ya sake, dare da rana, shekara 20, lalle wata rana zai tsallake layi, duk wanda kuma ya kwafa daga nasa zai ɗauki kuskuren ya yi gaba da shi. Haka guba ke yi wa fatar baki. Ranar da kuskuren ya faɗa kan umurnin tsayawa, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, ta zama ƙari ko gyambo, ta ci naman da ke maƙwabtaka da ita, daga bisani ta bazu zuwa kaluluwar wuya, wani lokaci har huhu.

Wuraren da ya fi kamawa su ne leɓe, da gefen harshe da ƙarƙashinsa, da dasashi, da ganda, da cikin kunci, da tushen harshe da naman nan biyu na gefen beli, da bayan hanci, da maƙoshi inda murya ke fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai mutum kusan 390,000 suka kamu da dajin leɓe da cikin baki a duniya, fiye da 188,000 kuma suka rasu ta dalilinsa, ban da lissafin na maƙogwaro, kuma maza sun fi mata yawa a cikinsu. Ku riƙe wannan tun yanzu: ciwon kansa ba ya tsallakawa daga majinyaci zuwa mai lafiya, saboda haka babu hujjar ware wa mara lafiya kwano ko moɗa, balle a ƙaurace masa a lokacin da ya fi bukatar 'yan'uwansa.

Taba

Babban sababi, wanda duk sauran ke biye da shi, shi ne taba. Ganyen nan ba na ƙasashenmu ba ne tun asali. Daga nahiyar Amurka Turawa suka ɗauko shi bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, kuma cikin shekara ɗari da 'yan kai ya iso Maroko da Tambutu, har ya zama mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda ba a jayayya a kan zurfin ilminsa a mazhabar Malikiyya, ya rubuta risala a 1607 yana ganin halaccinta, tun da ba ta gusar da hankali; a cikin rabin ƙarshe na wannan ƙarni kuma Shehu Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi ya rubuta tasa yana kafa hujjoji a kan haramcinta. Kowannensu ya yi ijtihadi gwargwadon abin da zamaninsa ya sani. Hukuncin shari'a mun bar wa ma'abutansa, amma duk wanda zai jingina da tsohuwar fatawar halacci, ya kamata ya sani cewa a lokacin da aka ba da ita ba a san taba na haddasa daji ba.

Sa'ad da Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa ƙasar Hausa a 1851, ya tarar ana noman taba a ƙasar Katsina. Kakanninmu maza suna shan ta a lofe, suna kuma gumtsa ta da kanwa, mata kuwa suna goga furenta a haƙora don ado. Amma ba ta zama ruwan dare ba sai bayan da aka fara naɗa ta da inji, aka kafa masana'anta a Ibadan a 1937, aka kafa wata a Zariya a 1959, sigari ya shiga aljihun leburan birni da na manomin ƙauye. A can ƙasashen Turai kuwa shaidu na ta taruwa a kanta: tun a 1761 wani likita a Landan mai suna John Hill ya yi gargaɗi a kan ƙarin da ya gani a hancin masu shaƙar garinta, a 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙar sigari da dajin huhu, a 1964 kuma rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya ambaci dajin maƙoshi a cikin illolinsa. Yau an san cewa hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu masu haddasa daji ne, kuma kafin hayaƙin nan ya isa huhu, sai ya bi ta leɓe, ya shafi harshe, ya ratsa maƙoshi, sa'an nan ya sake biyo hanyar a kan fitowarsa.

Duk wanda ya bi ta bakin daffon mai na Hotoro a nan Kano, ko ya zauna wajen mai shayi a gefen titin Maiduguri bayan sallar isha'i, ya san yadda al'amarin yake a wajenmu. Direban babbar mota da ke da tafiyar dare a gabansa zai ce, “Karɓo mini kara biyu,” yana mai imanin cewa ita za ta kore masa barci. Yaron motarsa, wanda gemu bai fito masa ba, shi ake aike wajen mai tebur, shi ke kunna wa maigida, guntun da ya rage kuma nasa ne. Da haka ake gadon ta. Dokar taƙaita shan taba da Nijeriya ta kafa a 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai sai dai kwali, ta kuma hana busa ta a wuraren taruwar jama'a; hikimar hana kara ɗai-ɗai kuwa a fili take, domin kara ɗaya shi ne abin da kuɗin yaro ke iya saye. Ina roƙon masu tebur da iyayen gida da ke cikin wannan aji, don Allah, ko da babu mai tsaye a kanku da sanda, ku dubi yaran nan da idon da kuke duban 'ya'yan cikinku.

Samarinmu kuma sun samo shisha, suna cewa ruwan da ke cikin tulunta yana wanke hayaƙin. Ruwan yana sanyaya hayaƙi ne kawai, sanyin nan kuwa shi ke ba mutum damar zuƙa da zurfi. Ga gubar taba tana nan, ga ta gawayin da ake ɗorawa a kai, ga shi kuma sigari 'yan mintoci ake yi a gama shi, alhali zaman shisha kan kai sa'a guda. Ƙamshin tufa da na'ana'a da ake zuba mata bai rage kome daga sharrinta ba.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce taba gari, saboda ba ta da hayaƙi balle a tsargu da ita, kuma dattawanmu maza da mata su suka fi riƙe ta. Ku lura da yadda ake yi: a ɗebo garin da ɗan yatsa, an riga an cuɗa shi da kanwa, a ja leɓen ƙasa a cusa shi tsakanin leɓe da dasashi, ko a lungun kunci, a bar shi nan yana jiƙa ana ta hira ana tofar da yawu, kuma kusan kullum wuri ɗaya ake ajiye shi. Kanwar nan aikinta shi ne ta sa sinadarin nikotin ya yi saurin ratsa fata ya shiga jini, shi ya sa mai ita ke jin ta fi “kama jiki”. Garin kuwa yana ɗauke da nasa sinadaran masu haddasa daji, waɗanda ke kwance a kan fata ɗaya sa'o'i da yawa kowace rana. Bayan shekaru sai wurin ya yi fari-fari, ya yi kauri, ya tattare, in an kankare ba ya fita. Wannan farin tabo ba lalle ne ya riga ya zama daji ba, amma daga irinsa ne daji kan tsiro, kuma lokacin ne ya fi dacewa likita ya gan shi.

Sauran sababai

Wani zai ce ambaton giya a darasin mutanen Kano ɓata takarda ne, tun da addini ya riga ya haramta ta. Amma abin da ake sha a ɓoye yana cin jiki daidai da wanda ake sha a sarari, kuma a cikinmu akwai maƙwabta da ba addininmu ɗaya ba, waɗanda lafiyarsu ta dame mu. Barasa ko wace iri, ta kwalba ko burkutu ko ogogoro, in ta shiga jiki tana juyewa ta zama wani sinadari mai ɓata umurnin nan na cikin ƙwayoyin halitta, tana kuma sa gubar taba ta fi ratsa fatar baki. Tun 1988 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya ta cikin tabbatattun masu haddasa daji. Wanda ya haɗa taba da giya, haɗarinsa ninkuwa yake yi, har masana suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 3 cikin 4 na dajin baki da maƙogwaro daga waɗannan biyun yake.

A Indiya da Pakistan, inda dajin baki ke sahun gaba a cikin dajin da ke kama maza, akwai wani ɗan itace da suke taunawa a naɗe cikin ganye tare da farar ƙasa, sau da yawa har da taba, kuma an tabbatar yana haddasa ciwon. Wannan ba goronmu ba ne, kada a haɗa su; sai dai mai haɗa goro da taba ya shiga hukuncin mai taba, kuma jan goro kan rufe tabon da ya kamata a gani.

Akwai kuma sababan da ba a saye a tebur. Wata ƙwayar cuta da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, har da wadda ake haɗawa da baki, ita ce sababin dajin bakin mahaifa, kuma nau'inta mai lamba 16 yana haddasa daji a tushen harshe da naman gefen beli, ko ga wanda bai taɓa kai taba bakinsa ba. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta, Kano kuwa tana cikin jihohin farko. An kawo ta ne domin mahaifa, amma nau'in nan na 16 yana cikin waɗanda take tsarewa, saboda haka uban da ya kai 'yarsa ya yi mata gata babba. Wata ƙwayar kuma, wadda aka gano a 1964 bayan likita Denis Burkitt ya bayyana kumburin muƙamuƙin yara a Yuganda a 1958, tana da hannu a dajin bayan hanci, wanda likitocin Arewa ke yawan gani, har ga matasa. Zabiya, saboda rashin abin da ke tsare fatarsu daga rana, suna cikin haɗarin dajin leɓe da na fata, sai a taimake su da malafa da inuwa da man kariya. Kafintoci da masu injin yankan katako kuma su riƙa rufe hanci, domin ƙurar katako ta shekaru tana haddasa dajin cikin hanci. Na jero waɗannan ne don kada wani ya ga majinyaci ya yanke masa hukunci a zuci cewa mashayi ne ko fasiƙi. Mummunan zato zunubi ne, kuma yana sa masu ciwo su ɓoye ciwonsu.

Mako uku

Gyambon baki na yau da kullum, irin wanda zazzaɓi ko cizon harshe ke kawowa, yakan warke cikin mako 1 ko 2. Saboda haka ƙa'idar da likitoci suka ba mu mai sauƙi ce: duk gyambo ko farin tabo ko jan tabo a baki, duk dishewar murya, duk wahalar haɗiya ko jin kamar wani abu ya tokare a wuya, duk kaluluwa mai tauri a wuya wadda ba ta zafi, duk toshewar hanci ɗaya tare da haɓo ko toshewar kunne ɗaya, duk haƙorin da ya yi girgiɗi ba dalili, in ya kai mako 3 bai tafi ba, wajibi ne likita ya duba. Rashin zafi ba alamar lafiya ba ne, domin wannan ciwo a farkonsa sau da yawa ba ya zafi. A farkon 1887 muryar yarima mai jiran gadon Jamus ta dishe. Likitocin ƙasarsa suka ce daji ne, wani ƙwararre daga Ingila ya ce ba shi ba ne, aka shafe watanni ana jayayya, kuma sa'ad da ya hau gadon a 1888 da sunan Firedirik na Uku ba ya iya magana, kwana 99 ya yi a kan mulki ya rasu. In watanni sun yi wa sarki haka, to, ina ga talaka?

Mu kuwa hanyarmu sananniya ce. Da farko a je kemis a sayo maganin kurkure baki da kafso, in bai yi ba a ce beli ne ko hakin wuya, a kira wanzami ya yanke, in wuya ya kumbura a ce sammu ne, a shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, in wani ya ambaci asibiti sai a ce, “Ai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura shi ke nan.” Ban raina wanzamai ba, suna da sana'arsu da mutuncinsu, amma askarsu ba ta kaiwa inda wannan ciwo yake, sai ƙarin zubar jini da asarar lokaci. Maganar ƙarfe kuwa, ga asalinta: ana kai mara lafiya asibiti ne bayan ciwon ya gama bazuwa, in ya cika bayan 'yan makonni sai a ɗora wa allura laifin da watannin jinkiri suka yi. Ɗan naman da likita ke yanka ya aika ɗakin gwaji, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ko ta wake ba, shi ne kaɗai hanyar tabbatar da ko daji ne ko ba shi ba ne. A lissafin Amurka, fiye da mutum 8 cikin 10 da aka kama ciwonsu tun bai bar inda ya tsiro ba suna nan da rai bayan shekara 5, alhali waɗanda nasu ya bazu nesa ba su kai rabi ba. Ajali na hannun Allah, babu shakka, amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali, kuma tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Abin da kowa zai iya yi

Mai shan taba ya sani cewa ƙofa ba ta rufe masa ba: wanda ya daina, cikin shekara 5 zuwa 10 haɗarin dajin baki da maƙogwaro yakan ragu da rabi, ya kuma ci gaba da raguwa. Makon farko shi ne mai wuya, da ciwon kai da saurin fushi da rashin barci, sa'an nan abin ya yi ta sauƙi. Wanda kuwa ya iya haƙura da ita tun daga ketowar alfijir har faɗuwar rana kwana 30 a watan Ramalana, ya riga ya shaida wa kansa cewa zai iya, abin da ya rage shi ne kada ya kunna bayan buɗa baki. A riƙe asuwaki, wanda sunna ce kuma tsabta ce; a kai haƙorin da ya karye yana yankar harshe wajen likitan haƙori; a yawaita ganye da 'ya'yan itace, zogale da rama da alayyafo da gwanda da lemo, ga kasuwar 'Yankaba nan kusa da mu.

Sau ɗaya a wata, bayan an yi asuwaki an kurkure baki, a tsaya gaban madubi inda haske yake, ko a kunna fitilar waya. A ja leɓen sama da na ƙasa a dubi cikinsu da dasashi. A sa yatsa a buɗe kunci dama da hagu. A fito da harshe, a kama bakinsa da ƙyalle mai tsabta, a ja shi gefe a dubi gefensa har can baya, a sake ja ɗaya gefen. A ɗaga shi ya taɓa ganda a dubi ƙarƙashinsa. A ce “aa” a dubi ganda da beli. Daga ƙarshe a shafa wuya da yatsu tun daga bayan kunne har ƙashin wuya, ana neman ƙullutu. Duka bai fi minti 3 ba.

Wanda ya ga abin da bai gane ba, mu mutanen Hotoro ba mu da uzurin nisa: ga Asibitin Muhammad Abdullahi Wase a Nasarawa, ga Asibitin Murtala a cikin birni, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, inda akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro da sashen haƙori, kuma daga nan ne ake tura wanda ke bukatar a gasa masa ciwon da inji zuwa inda injin yake. In kun je, ku gaya wa likita gaskiyar abin da kuke sha ko kuke gumtsawa, da tsawon shekarun da kuka yi a kai, domin amana ce a wurinsa, kuma da ita zai san inda zai duba.

Aikinku kafin haɗuwarmu ta gaba, in Allah Ya kai mu, shi ne kowa ya duba bakinsa yadda muka bayyana, sa'an nan ya karanta wa wani dattijo ko wata dattijuwa a gidansu wannan darasi, musamman mai taba gari, ya roƙe shi cikin ladabi ya bari a duba masa wurin da yake ajiye ta. In an ga tabo ko gyambon da ya haura mako 3, kada a jira ƙarshen wata ko bayan salla. A raka shi asibiti cikin wannan makon.